Na Je Na Ga Inda Aka Nutsar da Jirgin Rebecca

Duk malamin makarantar da ya taɓa zama da tulin takardun insha'i a gabansa ya san irin ƙarshen labarin da zan ambata. Yaro zai ɗauko labari mai daɗi, ɓarayi sun kewaye gida, an ɗora masa wuƙa a wuya, kai mai dubawa har ka gyara zama, sai kawai ka ga ya rubuta wai nan ya farka, ashe mafarki yake yi. Shekara 19 ke nan ina koyarwa a ƙaramar sakandare a nan Kumasi, ban taɓa ba irin wannan fiye da rabin maki ba. In yaro ya zo ƙorafi, nakan ce masa ya ci amanar mai karatu. In kuwa ya tambaye ni yadda ake juya labari ba tare da cin amana ba, littafi ɗaya nake kawo masa misali da shi, wato Rebecca, wanda wata Baturiyar Ingila mai suna Daphne du Maurier ta rubuta, aka buga a 1938.

Na sayi nawa ne a hannun masu baza tsofaffin littattafai a Kejetia, ina kwalejin horon malamai, tun ba a sake gina wurin ba. Yana kwance tsakanin littattafan James Hadley Chase, bango ya yage, ga tabon man ja a shafukan farko. Dare biyu na yi na gama shi. Daga baya na ara wa wani abokin aikina malamin lissafi, ashe gardama na jawo wa kaina. Shi cewa ya yi labarin ƙanzon kurege ne. Yaya za a yi mutum ɗaya ya kashe matarsa, ya sa gawar a jirgin ruwa, ya nutsar da jirgin a bayan gidansa, gidan da ke cike da barori, a ce ba wanda ya gani? Kuma don me, duk faɗin teku, sai a daidai wurin nan wani jirgi zai zo ya maƙale har asiri ya tonu? Shekara da shekaru muna wannan musu a ofishin malamai. Saboda haka da Allah ya nufe ni da ziyartar ƙanwata da ke aikin nas a birnin Plymouth, a hutun watan Agusta na 2024, na duba taswira na ga wurin da marubuciyar ta ɗauko fasalin labarinta yana nan kusa, a lardin Cornwall, sai na ce lalle in je. Gani ya kori ji.

Ranar da ba ta da aiki muka shiga jirgin ƙasa da safe. Fita gari ke da wuya sai ga mu a kan wata tsohuwar gada ta ƙarfe da aka buɗe a 1859, can sama da kogin Tamar, wanda shi ne iyakar Cornwall. Daga nan zuwa tashar Par, inda za mu sauka, bai cika awa ɗaya ba. Ƙanwata ba ta taɓa karanta littafin ba, ta ce in ba ta labarin tun da na hana ta barcin safe. Wanda bai karanta ba a cikinku ya yi mini gafara, don zan fasa ƙwai.

Mai ba da labarin wata yarinya ce marainiya, mai kunya, wadda har littafin ya ƙare ba a faɗi sunanta ba. Tana yi wa wata attajira Ba'amurkiya rakiya a Monte Carlo ta haɗu da Maxim de Winter, mai shekara 42, mai wani katafaren gida da ake kira Manderley, wanda matarsa Rebecca ta rasu a teku ba a cika shekara ba. Ya aure ta, ya kai ta gidan. To, nan fa ta tarar da kishiyar da ba a iya faɗa da ita. Ɗakin marigayiya yana nan yadda ta bar shi, shugabar barorin gidan, Misis Danvers, tana share shi kullum kamar mai ɗakin za ta dawo da yamma. Duk wanda ya buɗe baki sai ya yabi kyan Rebecca da iya karɓar baƙinta. Shi kuwa maigida ko sunanta ba ya so a ambata, in an ambata sai fuskarsa ta canja. Amarya ta ƙudurta a ranta cewa son marigayiya ne ke cinsa. Abin ya kai har Misis Danvers ta tsayar da ita a bakin taga tana zuga ta ta faɗa ƙasa. A daidai lokacin aka ji ƙarar rokar neman agaji: wani jirgi ya hau duwatsu cikin hazo. Mai nutson da aka tura ya duba ƙasan jirgin sai ya ci karo da ƙaramin jirgin Rebecca, da gawa a ciki. Alhali kuwa tuni Maxim ya shaida wata gawa da ruwa ya kawo, an binne ta da sunan matarsa. A ranar ya gaya wa amarya gaskiya: bai taɓa son Rebecca ba, ƙinta yake yi, ta mai da aurensu abin wasa, shi ya harbe ta a wani ɗan gida da ke bakin ruwa, ya sa ta a jirgin, ya huda shi.

Ƙanwata ta ce, “Ita amaryar fa, Yaya, ta gudu?” Na ce ina, murna ta yi. Abin da ya shiga kunnenta kawai shi ne bai taɓa son waccan ba. Na zaci za ta ce wannan ba ya yiwuwa. Ba ta ce kome ba, ta juya tana kallon taga.

Daga Par muka shiga bas zuwa garin da ake rubutawa Fowey, ake kuma furtawa Foi. Ƙaramin gari ne da ya manne a jikin tudu a bakin kogi, titunansa ba su fi lungunan Aboabo faɗi ba, mota na zuwa sai ka lafe a bango. Tashar jiragen ruwa ce da ake fitar da farar ƙasar da ake yin tangaran da takarda da ita. A tsallaken kogi, kusa da inda fito ke sauke motoci, akwai wani farin gida mai shuɗin fenti a tagogi. Iyayen du Maurier suka saye shi a 1926, a nan ta rubuta littafinta na farko. Mun sayi kifi da soyayyen dankali muka zauna a bakin ruwa, ban kai loma ta uku ba wani farin tsuntsun teku mai girman zakara ya suro ya tafi da rabin kifina. Na ga alama marubuciyar ba ta sha wahalar nemo labarinta na tsuntsayen da suka yi wa mutane tawaye ba, wanda Alfred Hitchcock ya mayar fim a 1963.

Inda za mu ba mota ke zuwa ta bakin teku ba, sai a ƙafa, kimanin mil 2. Ka bi titin gari har ƙarshensa, ka wuce wani ɗan yashi da yara ke wanka, ka hau tudu ta gefen ganuwar da aka gina zamanin Sarki Henry na 8, sa'an nan ka kama siririyar hanya tsakanin makiyayar shanu da gaɓa. Hawa da gangara ne, ba sassauci. Ni da nake taƙama da tafiyar ƙasa daga Asawase zuwa Adum, sau uku ina neman dutsen zama. Can muka gangaro sai ga wurin a ƙarƙashinmu, sunansa Polridmouth.

Abin da na fara lura da shi, wurin a ɓoye yake. Teku ce ta shigo cikin ƙasa ta yi lungu, tudu ta nan, tudu ta can, bayansa kuma kurmi ne mai duhu da ya cika kwarin. Ga yashi kashi biyu da duwatsu suka raba, ga wani ɗan tafki da aka tare da bango, ga gida guda ɗaya tak a bakinsa. In ka tsaya a kan yashin ba ka hango garin Fowey, ba ka hango titi. Babban gidan da ya zama Manderley a littafi, wato Menabilly na zuriyar Rashleigh, yana can cikin kurmin a sama, amma ko rufinsa ba a gani, kuma wanda ke cikinsa ba zai ga abin da ake yi a nan ba. Da rana tsaka ke nan, cikin watan da baƙi suka fi yawa, mutanen da muka tarar ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ina ga tsakar dare, ba wata, ana iska? Na ɗauki hoto na aika wa malamin lissafi ta WhatsApp ban rubuta kome ba.

Kuma ma abokin nawa ya manta, ba a ce ba wanda ya gani ba. Akwai wani mai taɓin hankali a littafin, Ben, wanda kullum yana yawo a wannan gaɓa yana tsintar katantanwa. Tun farko ya gaya wa amarya cewa waccan matar muguwa ce, ta taɓa yi masa barazanar kai shi gidan mahaukata. Amarya ta ji da kunnenta, mu ma mun ji, amma daga ita har mu ba wanda ya ɗauki maganar da nauyi, saboda wanda ya faɗe ta.

Batun jirgin da ya zo ya maƙale kuwa, shi ma wurin ya ba ni amsa. In ka ɗaga kai daga kan yashin za ka ga wata hasumiya a kan tudun Gribbin, mai zanen ja da fari, tsawonta mita 26. An gina ta a 1832, ba ta da fitila, aikinta kawai matuƙa su gan ta da rana su gane inda suke, domin sukan ɗauki wannan tudu a matsayin mashigar tashar Falmouth su faɗa kan duwatsu. A 1930 wani jirgi mai suna Romanie ya tarwatse a wannan lungu, du Maurier na zaune a yankin, kuma in ruwa ya janye har yau ana ganin ragowar ƙarafansa. Ashe marubuciyar ba jawo jirgi ta yi da ƙarfin alƙalami ta kawo shi inda take so ba. Wurin da jirage suka saba mutuwa ta zaɓa. Hatta ɗan tafkin nan yana da tarihin yaudara: a Yaƙin Duniya na Biyu an riƙa kunna fitilu kewaye da shi don jiragen saman Jamus su zaci tashar Fowey ce.

Amma fa kada ku ce na je ne don in wanke littafin tas. Akwai abin da ni kaina yake tsaya mini a wuya, na kuwa faɗa wa ƙanwata muna zaune a kan dutse. Na farko, gawar da Maxim ya shaida, wadda aka tsinta bayan wata biyu, mil 40 daga nan. 'Yar waye? Ba wanda ya zo nema, ba wanda ya sake dubawa. Ƙanwata ta ce wannan ai ba abin mamaki ba ne, gawar da ta yi wata biyu a teku ko uwar da ta haife ta ba za ta gane ta ba. Sa'an nan in mai gari ya ce matarsa ce, wane kurtun ɗan sanda ne zai ce a tsaya a bincika? Na tuna majistaren da ke binciken ma a teburin Maxim yake cin abinci. Wannan kam ba sai an je Ingila ba mun san shi.

Na biyu shi ne juyin ƙarshe. Bayan maƙerin jirgin ya shaida wa kotu cewa da gangan aka huda katakon, ɗan'uwan Rebecca wanda kuma farkanta ne ya taso Maxim a gaba, kowa ya ɗauka ciki ne da ita, shi ne dalilin kisan. Aka je wurin likitan da ta gani a ɓoye a Landan ranar mutuwarta, sai ya ce ba ciki ba ne, sankara ce ta ci ƙarfinta, 'yan watanni suka rage mata. Nan take hukuncin cewa ita ta kashe kanta ya zauna daram, mai kisa ya tsira. Ni a ganina wannan ya yi wa Maxim daɗi da yawa, kamar ana hango hannun marubuciya tana share masa hanya. Ƙanwata ta ƙi yarda. Ta ce ta ga marasa lafiya da yawa da suka ɓoye wa iyalinsu irin wannan sakamako, kuma mace mai girman kai irin wadda na kwatanta ba za ta yarda a ga ramarta a gado ba, gara ta tunzura mijin ya gama da ita, ta bar masa igiya a wuya. Ta tambaye ni ko an nuna alamar ciwon kafin nan. Dole na amsa cewa an nuna, don Maxim da kansa ya ambaci yadda ta rame ta yi fari a daren. Na ba ta rabin gaskiya, rabin na riƙe.

Marubutan Ingila sun daɗe suna wannan gardama. A 1929 wani limamin coci mai suna Ronald Knox ya tsara dokoki goma na labarin bincike, ciki har da cewa kada a fito da tagwaye a ƙarshe in ba an shirya mai karatu tun farko ba. An zargi Agatha Christie da maguɗi a 1926 da ta sa mai ba da labarin Roger Ackroyd ya zama shi ne makashin, ko da yake in ka koma baya ba za ka kama shi da ƙarya ko ɗaya ba. Na zamani irin su Gone Girl na Gillian Flynn, na 2012, sukan ba ka littafin sirri na ƙarya ka karanta, sa'an nan su ce sun ruɗe ka. Wannan wayo ne, ina jin daɗinsa, amma ba na komawa kansa sau biyu. Abin da ya bambanta Rebecca, amaryar ba ta yi mana ƙarya ba ko sau ɗaya. Duk abin da ta gani ta faɗa daidai: fushin miji ranar da ta bi kare zuwa ɗan gidan bakin ruwa, yadda wakilin gidan ke sunkuyar da kai in an yi zancen marigayiya, yadda yayar miji ta dube ta ta ce ba ta yi kama da waccan ba ko kaɗan. Fassarar ce ta karkace, kishi da raina kai suka karkata ta, mu kuma muka ari idonta. Ita kanta du Maurier ta sha faɗa cewa nazarin kishi ta rubuta, kuma ta fara shi ne a Iskandariya ta Masar a 1937, inda aka tura mijinta soja, tana kewar wannan gaɓa, tana kuma tunanin wata da ya taɓa yi wa alkawarin aure kafin ita.

Ina cikin wannan lacca, irin ta malamin da ya samu ɗalibi ɗaya, sai ƙanwata ta ce, “Yaya, kai duk karatun nan naka ba ka ga Mma a ciki ba?”

Mahaifiyarmu ta shiga gidan mahaifinmu ne bayan rasuwar matarsa ta fari, wadda ba ta bar ɗa ba. Mun tashi muna jin tsofaffin unguwa suna yabon Marigayiya, tuwonta, kyautarta, kitsonta. Kwanukanta na sha da na ci sun shekara a kabad ɗin ɗakin tsakiya ba mai taɓawa. Baba bai taɓa ambatonta ba, in wata ta ɗauko zancen sai ya ɗauki buta ya fita. Ni tun ina yaro na yanke cewa baƙin cikin rashinta ne, har nakan ji tausayin Mma a ɓoye. Ƙanwata ta ce daren da za a kai ta ɗakin miji Mma ta zaunar da ita ta gaya mata: ita ma haka ta zata har shekara tara. Sai wata rana Baba yana jinya ya faɗa mata cewa zaman nasu da Marigayiya bai yi daɗi ba ko na wata guda, ta yi yaji ta tafi gidansu, ya rubuta takardar saki yana jiran wanda zai kai, aka aiko ta rasu. Kunyar wannan takarda ce ta rufe masa baki. Mma ta ce ranar ta yi kuka, ta kuma yi istigfari, don ta san kukan ba na tausayi ba ne kaɗai.

Na yi shiru. Abin da ya fara zuwa mini shi ne in ce ba haka ba ne. Sai na shiga lissafi kamar mai duba takardar jarrabawa. 'Ya'ya mata huɗu Baba ya haifa, bai mayar da sunan Marigayiya ga ko ɗaya ba, alhali an san al'ada. Bai taɓa aikenmu gaida danginta da Salla ba. Kwanukan nan ma ba shi ya hana a taɓa ba, Mma ce take goge su tana mayarwa, don tana zaton abin da yake so ke nan. Duk a gabana aka yi. Ruwa ya fara cikowa, ya cinye duwatsun da suka raba yashin, ƙanwata ta ce mu tashi kada takalma su jiƙe.

Mun hau har gindin hasumiyar, ina haki. Daga can ana ganin kurmin Menabilly gaba ɗaya, kore shar, ba alamar gini. Du Maurier ta fara shiga wurin ne a sace tana budurwa, gidan yana kulle, ciyawa mai yaɗo ta rufe tagogi. Kuɗin littafin Rebecca suka ba ta halin karɓar hayarsa a 1943, ta zauna har 1969, masu gida suka karɓi abinsu, ta koma wani gidan nasu da ke kusa, inda ta rasu a 1989. Muka dawo ta hanyar gona, muka wuce ƙofar shiga, da allon da ke cewa wurin ba na jama'a ba ne. Jajayen furannin da suka tsorata amarya ranar da ta iso, a watan Mayu suke fitowa, mu ganye kawai muka gani. A jirgin komawa amsar malamin lissafi ta shigo: wai ya ga hoto, amma a ina Maxim ya koyi tuƙa jirgi shi kaɗai cikin duhu?

Da na dawo Kumasi na je gaida Mma, na same ta tana tsintar shinkafa a tire. Na gaya mata inda muka je da abin da na ji, na kuma nemi izininta kafin in rubuta wannan. Ta ce in rubuta, duk waɗanda abin zai ɓata wa rai sun riga mu gidan gaskiya. Sa'an nan ta sa na ba ta labarin Turawan tun daga farko. Da na kai inda suka dawo daga Landan da tsakar dare suka hango gidan yana cin wuta, sai ta ɗago ta ce, “To, Tica, ina suka koma da zama?” Na ce ƙasashen waje, daga wannan ƙaramin otal zuwa wancan. Ta ce, “Ta haihu?” Na ce a'a. Ta ce Allah sarki, ta miƙo mini tiren ta ce in riƙe mata ta duba wuta.